Kwandalolin Da Mai Sheƙi Ya Goge

Akwai wani mai fentin mota da abokan aikinsa ke kira Mai Sheƙi, kuma sunan ya bi shi. Ko cokali ka ajiye kusa da shi, kafin ka waiwayo ya goge shi. A wurinsa duk abin da ba ya ƙyalli ƙazanta ne, ga shi ba a gaya masa ya ji.

Mahaifinsa tsohon malamin makaranta ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tara tsofaffin kwandalolin tagulla na daulolin da suka shuɗe tun kafin kakannin kakanni. Suna cikin wani akwatin katako, kowace a ɗan gurbinta, wasu sun yi kore, wasu sun yi baƙi. Da tsufa ya zo ido ya tafi, sai ya koma gane su da yatsa. Ya shafa ya ce wannan mai doki ce, wannan mai kan sarki.

Buri ɗaya ya rage wa tsohon: a kai su gidan adana kayan tarihi, a ajiye da sunansa tun yana da rai. Gidan ya amince, aka sa ranar dubawa.

Ƙanwar Mai Sheƙi ce ke jinyar mahaifin nasu, ta gaji tilis, ko barcin kirki ba ta samu. Ita ta miƙa wa yayanta akwatin.

"Yaya, kai su kawai za ka yi. Baba ya ce ko ruwa kada ya taɓa su."

"Haka zan shiga cikin mutane da wannan dauɗar? A ce daga gidanmu ta fito?"

Ba ta da ƙarfin musu, ta koma ɗakin mara lafiya.

Shi kuwa gareji ya wuce da su. Ya jiƙa su a ruwan batir, ya kankare su da samfefa mai laushi, ya gama da injin goge mota. Suka fito jawur suna ɗaukar ido. Ya ɗauki hoto ya tura mata, yana jiran yabo.

Ta kira shi, muryarta a dushe. "Yaya, me ka yi? Wannan koren ai shi ne shekarunsu. Sau nawa Baba ya faɗa mana?"

Girman kai ya hana shi cewa ya yi kuskure. "To ai launi ne, launi kuwa sana'ata ce." Ya haɗa fenti kore da ruwan ƙasa, ya sirka da tina mai tsinka fenti, ya daddangwala musu da soso, ya shanya a rana. Jama'a, gyaran ya fi ɓarnar muni.

A gidan tarihin, wata dattijuwa ce mai duba kayan. Tana buɗe akwatin warin fenti ya doke ta. Ta ɗora ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta ƙura mata ido.

"Malam, wa ya taɓa su?"

"Haka suke tun ina yaro."

Ta matsa masa gilashin. "Dubi ƙananan layukan nan, duk gefe ɗaya suka nufa. Yawo a hannun mutane ba ya yin haka, inji ke yi. Koren kuma a cikin layukan ya kwanta, ke nan bayan an kankare aka shafa shi. Na asali daga jikin ƙarfen yake fitowa, farce ba ya ɗaga shi."

Ta sa farce a hankali, fentin ya ɓare.

"Na san mahaifinka," ta ce. "Ya taɓa nuna mini su, na yi ta mamaki. Yanzu rubutun ya tafi, fuskokin sun shafe. Ko rantsuwa aka ce in yi su ne, ba zan iya ba. Ba za mu karɓa ba, ka yi haƙuri."

Ya dawo gida yana jan ƙafa, akwatin ya yi masa nauyi. Tsohon na kishingiɗe, ya gane takunsa.

"An karɓa?"

Mai Sheƙi ya tsaya a bakin ƙofa rungume da akwatin.

"Kawo su nan."

Tsohon ya lalubi ɗaya, ya juya ta tsakanin yatsunsa. Ya ajiye ya ɗauki wata, ya sake ɗaukar wata. Sannan ya rufe akwatin ya tura gefe.

"Ɗana, an cuce ka a hanya, an musanya maka. Waɗannan sumul suke, nawa suna da kaushi. Koma ka nemo mini mai dokin nan tawa."

Ƙanwar ta juya fuska ga bango tana share hawaye. Mai Sheƙi ya dubi hannayensa, koren fenti na nan a ƙarƙashin faratansa.

Darasi: Ba duk abin da ya dushe ke neman gogewa ba, wani tsufansa ne darajarsa. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta ba ka ikon taɓa amanar da ba ka san kanta ba, kuma kuskuren da aka rufe da fenti ya zama biyu. Idan an ce maka kada ka taɓa, tambayi dalili kafin ka sa hannu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na shirin goge abin da ba zai dawo ba.