Jiniyar da ta tona asirin Dogo

Akwai wani ɗan kabu-kabu a unguwar Zariya, nan Maraɗi, sunansa Shamsu. Ranar sunan ɗiyarsa Nana aka sace masa babur a ƙofar gida, da rana tsaka, mutane na cin tuwo. Ba a fasa komai ba. Da makulli aka tayar da shi.

Wata huɗu yana zaune. Matarsa Saudatu har ta daina zuwa biki, don kar a tambaye ta.

Shamsu yana da aboki, Dogo makaniki, mai garaji a Sabon Gari. Shi ya fi kowa yi masa dariya.

"Kai ma dai Shamsu, a ɗauke maka babur kana lasar miya?"

Saudatu ba ta da yawan magana, amma tana da ido. Ta lura babur uku aka sace a layinsu, kuma kowanne sai da ya je canjin baƙin mai wurin Dogo a satin, aka bar masa makulli.

"Baban Nana, abokinka ne," in ji ta.

"Ke Saude, ji tsoron Allah!"

Ta koma kan aikinta. Amma ba ta yafe ba.

Da wani attajiri, Alhaji Baraka, ya ba Shamsu wani babur ya riƙa aiki da shi, sai da ya ja masa kunne: "In wannan ya ɓata, kar in sake ganinka a ƙofata."

Saudatu ta matsa sai da Shamsu ya je Tibiri wurin wani mutum, Maman Lawali, mai haɗa wayoyin babur. Ya sa masa wani ɗan maɓalli a ɓoye ƙarƙashin tanki. In ka tayar ba ka danna shi ba, minti ɗaya inji ya mutu, jiniya ta kama kuka. Ba ta yin shiru sai da telekoman, wato rimot ɗin da ke aljihun mai shi.

"Yanzu kai wa Dogo ya canja mai," in ji Saudatu. "Ka bar masa makullin kamar kullum."

Dogo ya juye mai, ko leƙa wayoyi bai yi ba. Har yana bugun ƙirji: "Babu babur ɗin da zai ɓoye mini wani abu a garin nan."

Ran Juma'a Shamsu ya ajiye babur bayan masallaci, ya shiga sahu. Kun san yadda sahu ke cika titi har ya toshe hanya. Ana raka'a ta biyu Dogo ya zo da makullin da ya yanka a ɓoye ranar canjin mai, ya tura babur ɗin nesa kaɗan, ya tayar. Ya zagayo zai bi ta gefen sahun ƙarshe, sai inji ya mutu.

Liman ya yi sallama. Jama'a suka juya dama, jiniya ta tsage da kuka. Ga Dogo bisa babur, cikin farar shadda, yana ta dukan kik.

"Gwaji nake! Wallahi gyara ya ba ni!"

Shamsu ya ciro makullinsa daga aljihu ya ɗaga sama. Samari suka yi kan Dogo.

"Kar wanda ya taɓa shi," in ji Shamsu. "Ya tura shi har gidana, sannan mu wuce komisariya wurin 'yan sanda."

Haka Dogo ya tura babur cikin rana, jiniya na kuka, mata na leƙowa ta kan katanga. Telekoman na hannun Shamsu, ya ƙi dannawa.

Saudatu na tsaye bakin zaure, Nana goye a bayanta. Ta dubi Dogo, gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf.

"Sannu da aiki, Dogo. Ranar suna ba ka tsaya ka ci tuwo ba. Yau ma babu."

Sannan ta karɓi telekoman ta danna da kanta.

A bayan garajin Dogo aka samo tankin tsohon babur ɗin Shamsu, da sunan Nana da ya rubuta a jiki.

Darasi: Wanda ya ci amanar mai yarda da shi, a gaban jama'a zai sha kunya. Ku sa wa baburanku tsaro, ku daina barin makulli a hannun kowa, kuma ku riƙa sauraren mai shiru-shirun gidanku. Ku tura wa duk ɗan kabu-kabun da kuka sani.