Gonar Kalilu da Shanun Manu

Kalilu mutumin Gangara ne ta ƙasar Jibiya, manomi mai ƙwazo, sai dai akwai shi da girman kai: bai taɓa yarda yana bukatar kowa ba. A shekarun nan na gab da tafiyar Turawa gidansa ya cika ya batse. Ƙannensa sun yi aure, 'ya'yansa sun hayayyafa, tukunya ɗaya ta daina isar gidan. Haka garin duka yake. Jama'a ta ƙaru, dajin da ake sara ya ƙare, ba mai iya barin gona ta huta.

Tun zamanin mahaifinsa wani makiyayi mai suna Manu ke sauka da shanunsa a gonar gidan da rani. Shanu su ci kara su bar taki, a ba Manu 'yan dammunan gero. Wata shekara Kalilu ya leƙa rumbu, ya tuna yawan bakin da yake ciyarwa, ya tafi ya sami Manu zaune da 'ya'yansa, ya ce masa:

"Iyalina ba su ƙoshi ba, in ɗauki hatsi in ba ka don kashin shanu? Kwashe su ka ba ni wuri!"

Manu ya tattara kayansa. Ya kora dabbobinsa ya ƙetare iyaka, ya yi wajen Maraɗi.

Daminar farko gero ya ragu. Ta biyu ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya rufe gonar, zangarniya ba ta wuce tafin hannu ba. Tun kafin bazara rumbu ya zama fayau. Mata suka koma dafa tafasa da dusa, yara suka rame, samarin gidan suka fara maganar tafiya kudu ba dawowa.

Sai yayarsa Nagoggo ta kira shi ɗakinta.

"Kalilu, baki ya ƙaru, gona ba ta ƙaru ba, kai kuma ka kori mai ciyar da ita. Ka je ka dawo da Manu."

"Yaya, ni zan je in durƙusa wa wanda na kora?"

"To zauna. Jikokinka su ci girman naka su ƙoshi."

Maganar ta soke shi. Da ya fito ya ga jikarsa Sakinatu tana lasar busasshen ludayi, sai ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. A bakin iyaka mai gadin Faransa ya tare shi.

"Baba, wane kaya ka ɗauko?"

"Ba ni da kaya, ɗana. Haƙuri zan je bayarwa."

Ya sha yawo kafin ya sami rugar Manu. Manu ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi nono, sannan ya ce, "Ba geronka ya dame ni ba, Kalilu. A gaban ɗiyana ka wulaƙanta ni."

"Kira su," in ji Kalilu. Da suka taru ya cire hularsa ya ce, "Na yi wa ubanku laifi. Ku shaida na zo neman gafara."

Manu ya yafe, amma ya ce shanunsa na shan wahalar ruwa a Gangara. Kalilu ya koma ya tara samarin gidansa suka haƙa rijiya a gefen gona. Shanu suka dawo, matar Manu ta riƙa aiko wa yara nono har suka murmure.

Kakar da ta biyo baya, sai da aka aro jakunan maƙwabta don kwasar dammuna. Aka gina sabon rumbu, mata suka yi ta guɗa, ba saurayin da ya sake zancen kudu. Manoman garin da suka gani, kowa ya shiga neman makiyayin da zai sauka a gonarsa. Kalilu da kansa ya ɗauki damin farko a ka ya kai rugar Manu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan jama'a ta ƙaru abinci ya yi ƙaranci, korar maƙwabci ba ta cika rumbu. Lokacin ƙunci ne mutane suka fi bukatar juna. Wanda ya ajiye girman kai ya gyara kuskurensa ba ya ƙasƙanta, iyalinsa yake ceta.