Kura Mai Gadin Benenta

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Kura ce ta yi arziki, ta gina bene hawa uku a bakin rafi. Ana nan sai Zaki ya sa wa manyan gidaje haraji, amma ya yafe wa marayu. Kura ta ji kamar namanta za a yanka. Ta lallaɓa wurin Bushiya, wata marainiya mai kwana a gindin kara, ta ce, "Ƙanwata, in an tambaya, ki ce benen gadonki ne."

Ranar karɓar haraji Dila ya zo, ya ɗaga kai ya dubi ginin. "Hajiya Kura, wannan naki ne?"

"Ni? Ina na ga wannan arziki! Na Bushiya ne, gadi kawai nake yi mata."

"Kin rantse?"

Ta rantse gaban jama'a, har da hawaye.

Dila ya ce, "To Bushiya, shige gidanki."

Bushiya ta shige ta danna sakata. Kura na tsaye baki buɗe, sai ta ji murya daga taga: "Mai gadi, a share ƙofar nan, ina da baƙi!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.