Gadar Bushiya da Takardar Hankaka

An yi wani daji da ake kira Dajin Gwaska, inda dabbobi suka kafa gidauniya. Duk kaka kowa zai kawo ɗan abin da ya noma a tara, sannan a zaɓi ƙungiya ɗaya tak a tallafa mata. Shugaban gidauniyar Baba Raƙumi ne, wanda ko a tauna ba ya gaggawa.

Bushiya ce ke jagorantar Ƙungiyar Gajerun Ƙafafu, wato ɓeraye da kuregu da kunkuraye. Ba ta iya dogon zance ba, amma akwai naci. Damuwarta wani kwazazzabo ne da ya raba ramukansu da gonakin gyaɗa. Bara da damina ruwa ya tafi da 'ya'yan Ɓera biyu a wurin. Gada take nema kafin ruwan bana ya sauka.

Ta cike takardar neman tallafi, shafi ɗaya, rubutun ma duk a karkace. Tana hanyar kaiwa sai ga Hankaka, sarkin cika baki, ya sauko ya leƙa.

"Haba Bushiya! Wannan ce takardar? Ai ko ƙosai ba za ta naɗe ba!"

"Abin da ke damunmu na rubuta, Malam Hankaka."

"To, jira ki ga aikin masu ilimi."

Ashe gogan naka ya haddace abin da ya gani. Ya koma ya ƙirƙiro tasa ƙungiyar, shi ne shugaba, shi ne sakatare, ya rubuta shafi goma sha biyu a kan gadar nan dai, har da hatimi. Labari ya kai kunnen Bushiya. Ta san in ya ci, hatsin tallafin a cikinsa zai ƙare, gada kuwa sai a mafarki.

Ranar tantancewa Hankaka ya yi ta zuba, ana yi masa tafi. Da aka kira Bushiya, saura kaɗan ta dunƙule don kunya.

Baba Raƙumi ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "Takardu mun gani. Amma al'adarmu, ba ma yanke hukunci sai mun taka wurin da ƙafa. Hankaka, shige gaba, ka bi da mu ta hanyar da mutanenka ke bi."

"Da ƙafa, Baba? Ai daga sama an fi gani!"

"Ba don masu tashi sama za a yi gadar ba. Sauko."

Tabɗi! Tunda aka ƙyanƙyashe Hankaka bai taɓa taka hanyar nan ba. Ya kai su cikin ƙaya, ya juyo da su gidan tururuwa. Can ya hango wani fili sumul, ya ce, "Yauwa, nan ne!" Ya yi tsalle ya dira. Ashe tsohon tafki ne, sama ta bushe, ƙasa taɓo. Ya nutse har wuya.

"Wayyo Allah! Ku cece ni!"

Bushiya ta kira mutanenta, suka miƙa masa kara suka jawo shi, farin ƙirjin nan ya koma baƙi ƙirin.

Sannan Bushiya ta shige gaba, ta kai su bakin kwazazzabon tana nunawa. "Nan ƙasa ke zaftarewa, Baba. Nan yaran suka zame. Nan kuma akwai dutse gefe da gefe, zai riƙe gungume." Ɓera na bayanta tana share hawaye.

Baba Raƙumi ya daina tauna. "Tallafin bana na Gajerun Ƙafafu ne."

Da hatsin aka ciyar da giwayen da suka ɗauko gungumen giginya. Hankaka ma, da kunya ta ishe shi, shi ya dinga kawo igiya a baki, ba surutu. Ranar da ruwan farko ya sauka, Bushiya ta tsaya a bakin kwazazzabo, tana kallon autar Ɓera ta haye gadar ta dawo ƙafarta a bushe.

Darasin wannan labari shi ne, yara, in za ku nemi taimako da sunan jama'a, ku fara taka hanyar da suke takawa. Ƙawata takarda ba wuya, amma ranar da aka ce a je a gani, wanda ya san wurin shi zai shige gaba.