Sarkin da Ya Yi Kishin Layi Biyu

An ce wani sarki, mai ilimi ne ƙwarai amma mai son a yaba masa, ya sa aka ɗinka wani babban kundi na fata aka ajiye a zauren masallacin Juma'a. Ya yi shela cewa kowa na iya rubuta abin da ya sani a ciki, kowa na iya kankare kuskure ya gyara, sai dai ba a sa suna, kuma dole a kawo hujja.

Sarki da kansa ya rubuta babin ganin watan azumi, ya ce idan an ga wata a gari ɗaya, azumi ya hau kan sauran garuruwa. Ya tsara maganar tsaf, ya koma fada yana jiran yabo.

Ba a daɗe ba wani tsohon malami mai suna Malam Ilu ya ƙara layi biyu a ƙasa: "Wasu malamai kuma sun ce kowane gari da ganinsa," ya kawo hujjarsu. Shi ke nan, gari ya ɗauka. A kasuwa, a majalisa, ba a zancen komai sai adalcin mai layi biyu. Shafi guda na sarki kuwa ko tari ba a yi a kansa ba.

Abin ya tsaya wa sarki a rai. Kishi ne tsagwaronsa, ba wata kare addini. Ya tura magatakardansa ya kankare layin, washegari aka mayar. Ya sake turawa, aka sake mayarwa. Almajiran malamai suka rabu biyu, kowa da 'yar wuƙarsa, wannan ya kankare, wancan ya rubuta, har fatar ta kusa hujewa.

Da sarki ya gano mai layin, sai ya sa aka zo da shi tare da kundin, ya riga ya ƙudurta korarsa daga ƙasar.

Ya ce, "Malam, wa ya fi, wanda ya haƙa rijiya ko wanda ya zo yana yi mata kwaskwarima?"

Malam Ilu ya ce, "Ya sarki, mai ƙishirwa ba ya tambayar sunan ko ɗayansu."

"To me ya sa ka raina wanda ya fara rubuta babin nan?"

"Allah ya kiyashe ni. Ban san ko wane ne ba, amma ban taɓa ganin wanda ya tsara wannan ƙauli kamarsa ba. Haddace maganarsa na yi."

Sarki ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Haddacewa? Don me?"

Malam ya buɗe kundin ya tura gaban sarki. "Ya sarki, duba. Duk sanda aka kankare nawa, masu goyon bayana sukan huce a kan nasa, su share shi tas. Ni kuwa in na zo, nasa nake fara mayarwa kafin nawa, don shi ya riga ni, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce."

Sarki ya sunkuya ya duba. Maganarsa ce, ba a rage ko kalma ba, amma babu harafi ɗaya da ya saura na hannunsa. Duk rubutun tsohon ne. Kunya ta rufe shi.

Can ya ce, "Malam, ni ne na rubuta. Ni ne kuma nake sa a goge naka."

Malam Ilu ya ce, "Ashe na sami malamin da nake nema."

Sarki ya sa aka kawo sabuwar fata, ya ɗauki alƙalami a gaban fadawa, ya fara da layin Malam Ilu kafin nasa. Da ya gama ya ce, "Ku shaida, mai adalci shi ne wanda ya tsare maganar abokin saɓaninsa kamar yadda yake tsare tasa."