Mihranu Mai Iri da Tsiron Nairuzu

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafan da muka gada, Allah ne masanin gaskiyar abin, cewa bayan Larabawa sun ci ƙasar Farisa da shekaru masu dama, an yi wani Amir a birnin Mihrandu, sunansa Mudriku ɗan Haushabu. Jarumi ne mai salla, ba ya cin amana, sai dai kunnensa a hannun wazirinsa yake. Wazirin kuwa, Sinanu, Bafarishe ne gaba da baya. Ya yar da sunan ubansa ya ɗauki na Larabawa, har ya fi su jin haushin duk abin da ke warin Farisa. Ni dai ban taɓa karanta labarin mutumin nan raina bai ɓaci ba.

A lokacin, wasu Farisawa da suka ƙi Musulunci suka kuma ƙi mulkin Larabawa sun haye duwatsu suna yaƙi. Amir ya fita ya kara da su a wata mashiga, ya dawo da nasara, amma ya binne mutane da yawa. Cikinsu har da wani saurayi da ake kira Salimu, wanda ya tare mashin da aka auna Amir da ƙirjinsa. Amir ya yi masa salla da kansa, kuma kowace Juma'a sai ya ziyarci kabarinsa.

Su Farisawa suna da wata al'ada. In sanyi ya kusa wucewa, sabuwar shekararsu da suke kira Nairuzu ta matso, mata sukan jiƙa alkama ko sha'ir a kasko, su yi ta yayyafa ruwa har ta tsiro kore shar, a ajiye a tsakar gida ana murna da dawowar damina. Waziri ya duba wannan al'ada ya ga hanyar ƙara shiga zuciyar Amir. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Amir, an ce wani mutum ya sayi kango ya gina gida mai kyau a kai, amma ya bar tsohon murhun masu gidan na da bai tone ba. Ashe akwai garwashi a ƙarƙashin toka. Iska ta taso, gidan ya ƙone ƙurmus. Waɗannan da ke salla a bayanka, garwashin majusanci, bautar wutar kakanninsu, na nan a ƙarƙashinsu. Muddin suna shuka a kasko suna amsa sunayen iyayensu, zuciyarsu tana kan dutse tare da 'yan tawaye."

Amir yana cikin zafin rashin mutanensa, sai ya sa aka yi shela: duk Bafarishen da ya musulunta ya bar sunan ubansa ya jingina da wata kabilar Larabawa, kamar yadda ake yi wa masu shiga runduna, kuma duk gidan da aka ga tsiron Nairuzu za a ɗauki mai gidan a matsayin wanda ya yi ridda. Hukuncin ridda kuwa kowa ya san takobi ne.

An ruwaito cewa a birnin akwai wani attajiri, Mihranu ɗan Zadanu, mai fataucin iri. Shi da matarsa Gulnaru sun musulunta tun suna da ƙuruciya, ba wanda ya tilasta su. Ƙanensa Wardanu yana cikin mutanen dutse, ya sha aiko masa cewa ya bar addinin baƙi ya dawo cikin danginsa, Mihranu yana mayar da amsa cewa ba zai bar salla ba ko da ƙasar Farisa duka za a ba shi. Da shela ta iso, ya shiga gida ya tarar da Gulnaru ta riga ta jiƙa alkama.

Ta ce, "Maigida, na ji shelar. In ka ce in zubar, zan zubar."

Ya ce, "Bar shi. Hasali ma ɗora shi a kan soro, inda rana za ta same shi."

Kan soro kuwa ba rana kaɗai ke gani ba. Kafin alkamar ta fasa, dogarai sun tasa Mihranu a gaba zuwa fada.

Amir ya dube shi ya ce, "Kai Musulmi ne ko Bafarishe?"

Mihranu ya ce, "Allah ya ba Amir nasara, ni Musulmi ne, kuma Bafarishe. In an yi mini izini, in ba da wani labari."

Aka yi masa izini. Ya ce, "An ce akwai wani gari na magina tukwane da ruwansu zartsi ne. Wata rana wani matafiyi ya iso da ruwa mai daɗi a cikin salka, ya ce ya san idon ruwan, kuma ba ya ƙarewa. Mutane suka ɗanɗana, suka yi murna, kowa ya ruga gida ya ɗauko tulu. Matafiyi ya ce a'a, wannan ruwa a salka ya zo, a salka kawai zai zauna, ai tulunanku zartsi suka saba ɗauka. Suka ce sun wanke su. Ya ƙi, ya sa aka farfasa tulunan. To garin ba su da dabbobin fata, ba su iya jimar fata ba. Wasu suka mutu da ƙishirwa a bakin ruwa, wasu suka fusata suka koma shan zartsinsu. Da Mai ruwan, wanda ya aiko shi, ya tambayi matafiyi, cewa ya yi, Na aike ka da ruwa ne ko da salka?"

Waziri ya yi farat ya ce, "Ranka ya daɗe, daɗin baki ai sana'ar fatake ce."

Amir ya ce, "Labari ba hujja ba ne. Na ba ka zuwa safiyar Nairuzu ka nuna mini abu guda wanda dukansa Bafarishe ne, kuma dukansa Musulmi, yadda ni da kaina zan kasa raba su. In ka nuna, na janye shela. In ka kasa, kanka ne fansa. Ko kuma ka fasa kaskon yanzu, ka karɓi sabon suna, ka tafi gida lafiya."

Mihranu ya ce, "Sunan da ubana ya raɗa mini da shi zan amsa kiran Ubangijina. Na karɓi wa'adin."

Ya koma gida ya buɗe rumbunsa. Ya yi ta bin birnin gida gida da buhun alkama, ba kowane gida ba, sai waɗanda ya san an yi zaman makoki a cikinsu bayan yaƙin mashiga. Bai ɓoye wa kowa haɗarin ba. Wasu suka rufe masa ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba, tsoron takobi ba abin kunya ba ne. Amma mafi yawan matan suka miƙo gefen mayafi ya zuba musu. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ɗana ya riga ya tafi, me ya rage da Amir zai sare?" Wardanu ya ji labari ya aiko cewa ya gudo dutse tun da sauran lokaci. Mihranu ya ce a gaya masa ya gode, amma shi yaƙinsa a cikin birni yake.

An ruwaito cewa safiyar Nairuzu a shekarar ta faɗo ranar Juma'a. Mihranu ya iso fada hannu rabbana. Waziri ya yi murmushi ya ƙyafta wa hauni mai sare kai ido. Mihranu ya ce, "Allah ya ja zamanin Amir, abin da zan nuna ba ya ɗaukuwa. Yau ranar ziyararka ce, in raka ka."

Suka fita tare zuwa maƙabartar da aka binne mutanen yaƙin mashiga. Amir ya san wurin da jar ƙasa da duwatsu. Da suka ƙetare ƙofa sai ya ja linzami ya tsaya. Kaburburan da ba tsiro a kansu ana iya ƙirga su daga nesa. Sauran kuwa, kowanne da kaskon alkama kore a wajen kai, da mace zaune a gefensa, ba wadda ta motsa saboda ganin dogarai.

Amir ya ce, "Mene ne wannan? Waɗannan ai shahidaina ne."

Mihranu ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Duk wanda ka ga kasko a kansa, uwarsa ko matarsa ce ta kawo, Bafarishe ne. Da suka shiga rundunarka waziri ya ba su sunayen Larabawa, da su ka san su. Suna kabbara suka hau dutsen nan suka yaƙi 'yan'uwansu na jini saboda tutarka."

Amir ya sauka daga doki ya nufi kabarin da ya saba zuwa, na Salimu. A nan ma ga kasko, ga mace a zaune. Ya tambaye ta ko ita wace ce.

Ta ce, "Ni Gulnaru ce, matar wancan da ka yi wa wa'adi. Ni na haifi na cikin ramin nan."

Mihranu ya matso, bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Ga abin da ka nema, ya Amir. Da nonon Farisa ya girma, da kalmar shahada ya cika a hannunka. Sa a tone shi, ka ware mini ƙashin da yake Musulmi ka riƙe, ka ba uwarsa wanda yake Bafarishe. In ka iya, ga wuyana."

Amir ya durƙusa a bakin kabarin, ya daɗe yana kallon tsiron, hawaye na bin gemunsa. Can ya ɗago ya ce da Gulnaru, "Uwa, mene ne sunansa?"

Ta ce, "Ruzbahu."

Ya gwada faɗa, harshensa ya harɗe. Ta sake faɗa masa, ya sake gwadawa, har ya faɗa daidai. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Ruzbahu ɗan Mihranu addu'a, matan nan duka suna amsa amin. Daga nan ya bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunaye, har ladan ya kira salla bai gama ba.

A kan mumbari ranar ya janye shelar. Ya sauke Sinanu, ya kuma yi masa hukuncin da na fi jin daɗinsa a labarin nan duka: kada a sake kiransa sai da sunan ubansa. Mihranu ya zama mai ba Amir shawara a kan lamarin mutanen ƙasa. Littafin bai ce yaƙin dutse ya ƙare ba, Wardanu ma can ya mutu a kan abin da ya riƙe. Amma littafin ya ce daga shekarar ba a ƙara jin wani mai salla ya bar birni ya haye dutse ba.

Masu hikima da suka gadar mana da wannan labari sun ce abin lura a cikinsa shi ne, addini yana neman zuciyar mutum ya gyara ta, bai aiko kowa ya raba mutum da sunan ubansa ba. Wanda ya manta haka, wata rana zai tsaya a kan kabarin wanda ya mutu dominsa, bai ma san da wane suna zai yi masa addu'a ba.