Manomin da Aka Zaunar a Gindin Ɗorawa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai barkwanci, wanda in aka yi gayyar noma babu shi, sai aikin ya yi lami. Wata shekara ciwon sanƙarau ya kwantar da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya miƙe da kunnuwa a toshe. Tun daga nan, in ana dariya sai dai ya yi murmushin yaƙe, don bai san abin da ake wa dariyar ba. A hankali ya janye jiki daga mutane, ya daina fita gayya, har ciyawa ta nemi cinye masa dawa.

Maƙwabtansa mutanen kirki ne, wannan kam ba za a ƙwace musu ba. Suka haɗa masa gayya, suka zo da garemani, har da Baba Istifanus mai gangar noma. Da manomin ya ga jama'a a gonarsa, murna ta kama shi, ya ɗauko garmarsa da sauri. Sai wani ya karɓe ta daga hannunsa, wani ya shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, suka yi masa nuni ya zauna ya huta. Kai ka ce ƙafa ya karya! Ya zauna yana kallon bayansu suna nisa a kan kunyoyi, kowa da abokin hirarsa. Ana gyara masa gona, shi kuwa bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Da abin ya ishe shi, ya miƙe ya ɗaga murya, da yake yanzu bai san iyakar ƙarfin muryarsa ba, har kurciyoyi suka tashi daga ɗorawar.

"Jama'a, kunne na rasa, hannuna lafiya lau! Ku ba ni garmata!"

Kowa ya tsaya cak, kunya ta rufe su. Baba Istifanus ya tako ya tsaya gabansa, ya kama hannunsa ya ɗora a jikin ganga, ya buga. Manomin ya ji kiɗan a tafin hannu, ya ji shi a ƙirji, fuskarsa ta washe. Tsohon ya juya ya ce, "Yara, ku buɗe masa layi a tsakiya, ni zan bi gefensa."

Ranar ya yi noma har samari suka nemi ya sassauta musu. Da aka kawo kunu suka zauna a da'ira, mai magana ya fuskance shi, ya yi a hankali, abin da baki ya kasa hannu ya ƙarasa. Ya tsokani wannan, ya kwaikwayi noman wancan, aka yi ta dariya, tasa ta fi ta kowa ƙara.

Ma'anar wannan misali ita ce, gayyar nan ikilisiyarmu ce, manomin kuwa shi ne ɗan'uwa ko 'yar'uwar da jinsu ya tafi bayan sun girma, ta ciwo ko ta tsufa. Mun iya kai musu hatsi da yi musu addu'a, madalla. Amma sau da yawa muna shimfiɗa musu tabarma ne, mu juya musu baya, muna tsammani alheri muka yi. Ubangiji bai taimake mu daga nesa ba, ya zo ya zauna a cikinmu. Saboda haka, in an tashi daga sujada yau, dubi wanda ke zaune shiru a bencin baya. Kada ka yi masa ihu daga bayansa. Je ka gabansa, ka taɓa kafaɗarsa, ka bar shi ya ga bakinka. Sa'an nan ka tambaye shi aikin da yake so ya riƙe a cikinmu, ka matsa masa wuri.